Talata: garin zink okzayid tsakanin maganaɗisu biyu

Yau na gwada garin zink okzayid ɗin da muka cusa wa kobalt kaɗan, na zuba shi a kwalabe biyu masu ɗauke da ruwan rinin metilin shuɗi, ɗaya a tsakanin maganaɗisun niyodimiyam guda biyu, ɗaya kuma can nesa da su, don in ga ko maganaɗisu zai taimaka wa garin wajen wargaza rinin da haske. Na bar su cikin duhu na minti 30 domin rinin ya gama mannewa a jikin garin, sannan na kunna fitila, ina ɗibar ruwan lokaci-lokaci ina auna shuɗinsa da haske mai tsawon zango nanomita 664 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita).

Tun da masana kimiyya na Japan, Fujishima da Honda, suka nuna a 1972 cewa titaniyam dayokzayid na iya raba ruwa zuwa haidurojin da oksijin da taimakon haske, matsalar irin waɗannan sinadarai, har da zink okzayid, ba ta canza ba: haske yana tayar da ilektiron ya bar gurbi a bayansa, amma yawancinsu sukan koma su haɗe kafin su kai saman ƙwayar garin inda za su wargaza rini. Bayanin da aka fi yi kan yadda maganaɗisu ke taimakawa shi ne, maganaɗisu yana karkatar da ilektiron gefe guda, gurbin kuma ɗaya gefen, sai haɗuwarsu ta ragu.

Da la'asar kwalbar da ke tsakanin maganaɗisun ta fi ɗayar washewa. Na nuna wa malamina, ya duba ya ce, “Yarinya, da me kika motsa ruwan?” Na ce da iska na motsa shi, domin injin motsawa na ɗakin gwajin shi kansa da maganaɗisu yake aiki. Ya gyaɗa kai.

Duk da haka ban rubuta cewa karkatarwar ce ta yi aikin ba. Ƙwayar da faɗinta bai wuce 'yan nanomita ba, a ƙarƙashin ƙarfin maganaɗisun da bai kai tesla ɗaya ba (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), karkatar ilektiron a cikinta ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Na fi karkata ga bayanin juyin ilektiron, wato kobalt da maganaɗisun suna jera alkiblar juyinsa ta yadda komawarsa gurbin ke yin wuya. Sannan rinin kansa yana shan hasken da ido ke gani, yana iya wargajewa ta wata hanyar dabam.

Gobe zan maimaita gwajin da zink okzayid marar kobalt, sannan da sinadarin finol a madadin rinin, wanda ba shi da launi.