Tarihin rayuwata, kashi na 9: daren da uwargida ta ƙirga shiruna

Assalamu alaikum jama'a. Satin da ya wuce mun tsaya inda kamiyona ta sauka daga gudron tsakanin Dogon Dutsi da Doso, buhunan albasar Galmi sunka watse cikin gonar mutane, ni da aparantina munka hito lahiya lau sai ɗan ƙujewa a gwiwa. To yau bari in hwaɗi abin da ban gaya ma kowa ba ranar, har mai motar. Ba taya ce ta hwashe ba. Kwana ne ya sace ni, ƙarhe 11 na sahe, alhali daren nan awa takwas na yi kwance a Konni.

Ni dai tun ina saurayi a Tawa an san ni da minshari. A tasha direbobi in sun ga na shimhiɗa tabarma sai kowa ya ja tashi gaba, wai ga injin niƙa nan ya iso, ni ma in taya su dariya. Inna, Allah ya jiƙanta, cewa take minshari na namijin da ya yi aiki ne. Da shekaru sunka ja ƙiba ta zo, abin ya canza, sai in zabura tsakar dare kamar an shaƙe ni, zuciya na bugu dab dab, na ɗauka dannau ne har rubutu na sha. Da sahe kai na sara, baki bushe kamar mai azumi a watan Afrilu, hitsari sau uku sau huɗu kahin asuba, ga tansiyo ta ƙi sauka duk da ƙwaya biyu da nike haɗiya kullum. Kan hanya kuwa shayi da goro da Nescafé ke riƙe da ni, ko in ce na zaci suna riƙe da ni.

Kwana biyu bayan hatsarin ina gida Yamai, an gama sallar asuba, uwargida ta aje man koko ta zauna bakin gado, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Baban yara, wallahi ba minsharinka ke hana ni kwana ba, shi na saba da shi. Shirun ne." Na ce wane shiru kuma? Sai ta miƙo man portabul, ashe ta ɗauke ni cikin dare. Ga ni nan rigingine baki buɗe ina ja, ina ja, sai tsit. Ƙirji na ɗagawa yana sauka amma babu iskar da ke wucewa, ana jin muryarta a hankali tana ƙirga, ɗaya, biyu, uku, ta kai talatin da huɗu kahin in yi wani irin gurnani kamar ragon da anka kayar za a yanka. Ta ce shekara nawa tana zungurata da gwiwar hannu tana tsoron wata rana ba zan amsa ba, amma in ta yi magana sai in ce ta cika surutu. Kokon nan ban sha shi ba.

Wani likitan huhu munka gani. Ya auna wuyana da tef kamar tela, santimita 45, ya ce ga namiji in ya wuce 43 ma abin dubawa ne. Ya ba ni wata na'ura in kwana da ita, ɗamara a ƙirji, siririn tiyo a hanci, da ɗan abin nan mai jar wuta da ake maƙala ma yatsa, irin wanda anka yi yayi lokacin korona.

Da sakamako ya hito ya zana man maƙogwaro a takarda. Ya ce in mutum ya yi kwana naman wurin na saki, nawa kuma sai ya ruhe hanyar iska gaba ɗaya, iskar oksijin ta ragu cikin jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tada ni kaɗan ba tare da na sani ba, in ja numfashi, in koma, a sake. Tsayawar da ta kai sakan 10 ita ake ƙirgawa. Daga 5 zuwa 15 a awa ɗaya mai sauƙi ne, in ya haura 30 ya yi tsanani. Nawa 47. Oksijin na mai lahiya kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari ne, nawa ya gangara har 78. Ya ce ciwon nan na tsayawar numfashi cikin kwana shi ke hura ma tansiyon wuta, kuma yana iya kai mutum ga ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Ya ce in rage ƙiba, in daina kwana rigingine, kada in kuskura in sha maganin sa kwana, sannan akwai inji da suke ce ma PPC, mai hura iska ta hanci duk dare don hanyar ta zauna buɗe. Ni tunanina ya tahi ga kuɗinshi da yadda ake ɗauke wuta lokacin zahi, sai na ji ya ce, "Alhaji, sitiyari kuma ka aje shi sai mun shawo kan abin nan."

Ina da baki tara da ke ci daga sitiyarin nan. Yadda munka ƙare da mai motar, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.