Yadda za ka ba ma'aikaci ikon tayar da firinta ba tare da ka miƙa masa root ba

A ofishin da kwamfutoci ke aiki da Linux, idan firinta ta ƙi bugawa, sau da yawa maganin umarni ɗaya ne: a sake tayar da cups, manhajar da ke kula da bugu. Sai dai umarnin na buƙatar ikon root, wato babban asusun da ke da iko a kan komai a kwamfutar. Mai kula da kwamfutocin, idan kira ya ishe shi, yakan ba magatakarda kalmar sirrin root, ko ya jefa shi cikin rukunin sudo (manhajar da ke ba mutum damar gudanar da umarni da ikon root), wanda a nau'in Linux na Fedora ake kira wheel. Duk biyun ɗaya ne da ka damƙa wa mutum makullin gida kaf don kawai zai ɗebi ruwa a randa.

An ƙirƙiro sudo wajen 1980 a jami'ar da ke Buffalo, Amurka, kuma babban amfaninsa shi ne a ware wa mutum umarnin da yake buƙata kaɗai.

Ka fara da rukuni, ko da mutum ɗaya ne yanzu, domin gobe za a ƙaro wani: groupadd ofis, sannan usermod -aG ofis da sunan asusunsa. Kada ka manta da harafin a ɗin nan. In ka bar shi, za a cire mutumin daga sauran rukunonin da yake ciki. Kuma sai ya fita ya sake shiga kafin sabon rukunin ya kama.

Dokar da za ta ba shi izinin kuwa, kada ka rubuta ta cikin /etc/sudoers, babban fayil ɗin dokokin sudo, kai tsaye. Buɗe mata nata fayil da visudo -f /etc/sudoers.d/ofis, ka sa layi ɗaya:

%ofis ALL=(root) /usr/bin/systemctl restart cups

Alamar % na nufin rukuni ne. ALL na nufin a kowace na'ura da fayil ɗin yake. Abin da ke cikin baka shi ne wanda za a yi aikin da sunansa, sauran kuma shi ne umarnin, da cikakkiyar hanyarsa. Kalmar sirrin da za a tambayi ma'aikacin tasa ce, kuma sudo zai tuna da ita na minti 5, a Ubuntu minti 15. Amfanin visudo shi ne yana duba rubutun kafin ya adana. Sunan fayil ɗin ma yana da tarko: in akwai ɗigo a ciki, kamar ofis.conf, ko ya ƙare da ~, sudo zai tsallake shi shiru, kai kuma ka yi ta neman inda kuskure yake. Izinin fayil ɗin ya zama 0440, wato root da rukuninsa kaɗai ke iya karanta shi.

Yanzu inda gizo ke saƙar. Idan ka rubuta /usr/bin/systemctl kaɗai, ba ka ƙara komai a gabansa ba, ka ba da izinin kowane irin amfani da shi: tsayar da katangar tsaro, kashe kwamfuta, komai. In ka rubuta cikakke kuma, dole abin da mutum ya buga ya dace harafi da harafi. Wanda ya buga restart cups.service za a ƙi shi, duk da cewa ma'anar ɗaya ce. Wannan ne ke sa wasu su gaji su sa tauraro (alamar *), kuma nan ake ɓarna, domin tauraron yana haɗiye har da sarari tsakanin kalmomi. Dokar da ta ce cat /var/log/messages* za ta amince da cat /var/log/messages /etc/shadow, wato fayil ɗin da ke riƙe da kalmomin sirrin kowa a murɗe. Gara ka rubuta layi biyu ko uku filla-filla.

Akwai kuma manhajojin da ke da ƙofar baya. Wanda aka ba vi, manhajar gyara rubutu, da sudo, :!sh kawai zai buga ya tsinci kansa a matsayin root. Haka less yake da !sh, haka find da -exec. Idan gyaran fayil ake so, a rubuta sudoedit /etc/hosts a dokar: shi yana kwafo fayil ɗin, mutum ya gyara da asusunsa na yau da kullum, sannan a mayar. Ga masu son rubuta ɗan shiri na kansu su ba da izininsa, dabara ce mai kyau, amma fayil ɗin da jakar da yake ciki dole su zama mallakin root. In ma'aikacin na iya gyara shi, to ya iya sa duk abin da ya ga dama a ciki.

Ni ban yarda da dokar "komai ban da kaza" ba. A ce ALL sannan a hana /bin/su da alamar ! aikin banza ne, don mutum zai kwafe umarnin zuwa wani suna ya gudanar. A 2019 ma an gano cewa dokar (ALL, !root), wato aiki da sunan kowa ban da root, ana iya tsallake ta da -u#-1, sai a sigar 1.8.28 aka toshe. A Janairun 2021 kamfanin Qualys ya bayyana wata ɓaraka mafi muni, wadda ke ba kowane asusu root ko da ba ya cikin sudoers, sigar 1.9.5p2 ta gyara ta. Duba taka da sudo -V.

In dokoki biyu suka ci karo, ta ƙarshe ce ke aiki, kuma fayilolin sudoers.d ana karanta su bisa jerin haruffan sunansu. Saboda haka bayan kowane gyara ka buga visudo -c, sannan sudo -l -U da sunan asusun, ka ga ainihin abin da aka ba shi. Ka bar taga ɗaya ta root a buɗe har sai ka gwada a wata, musamman a Ubuntu inda asusun root ba shi da kalmar sirri tun asali. In an riga an yi ɓarnar, pkexec visudo na iya fitar da kai.

Duk umarnin da aka bayar ta sudo yana shiga rajista da sunan mai shi, lokaci, da jakar da yake tsaye: /var/log/auth.log a Ubuntu, /var/log/secure a Red Hat. Ƙoƙarin da aka ƙi ma yana nan a rubuce.