Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Rabin Boga a Aljihu

A makon jiya na tsaya ne a inda Ustaza ta ɗauke ni aiki a ofishinta na lauya da ke Jidda, a farkon shekarar 2016, bayan na shafe shekaru ina yi wa alhazai tafinta a lokacin Hajji da Umara, sauran watanni kuma ina zaman kanti. Dokar aikin lauya ta Saudiyya, wadda aka kafa a 2001, ta keɓe lasisi ga ɗan ƙasa, ni kuwa ko da yake a unguwar Karantina aka binne cibiyata, fasfona na Najeriya ne, kuma da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙo, nake zaune kamar yadda mahaifina ya zauna har Allah ya karɓi ransa. Saboda haka aikina bai wuce fassara, da haɗa takardu, da sauraron mutanen da bakinsu ke nauyi idan aka ce su bayyana damuwarsu da Larabci ba. Ita Ustaza Bahaushiya ce ta asali, kakanta ya taso daga Katsina a ƙafa ya ratsa Sudan kafin ya tsallako Bahar Maliya, amma ita takardar ɗan ƙasa take riƙe da ita, kuma tana cikin matan da suka samu lasisi bayan an fara bai wa mata a 2013. Hausarta ta gaisuwa ce kawai, abin da ya sa take bukatata ke nan.

Kafin in shiga labarin yaron da ya sauya mini yadda nake kallon wannan aiki, wajibi ne in bayyana wani rauni nawa, domin ba don shi ba da labarin bai kai inda ya kai ba. Ni mutum ne mai son boga, wadda Larabawa ke kira burgar, tun ina yaro. Wanda ya tashi a Jidda ya san cewa gari ne na Albaik, gidan soyayyar kazar nan da aka buɗe a 1974, wanda alhazanmu ba sa ganin tafiyarsu ta cika sai sun yi layi a ƙofarsa, kuma ni ma ba na raina shi. Amma idan na samu ɗan kuɗi a aljihu, Herfy nake nufa, wanda ya samo asali daga Riyad a 1981, ko kuma Kudu, wanda shi ma ɗan Riyad ne tun 1988, inda mutum zai tsaya yana kallon yadda ake juya naman a kan faranti mai zafi. Daga baya aka buɗe sababbin wurare masu tsada a titin Tahliya, waɗanda bogarsu guda takan cinye kuɗin cefanen kwana biyu, na ɗanɗana wasu daga cikinsu, kuma ban ce ba su da daɗi ba. Sai dai duk a wurina babu wadda ta kamo ƙafar bogar bufiya, wato waɗannan ƙananan shagunan cikin unguwa da ba su fi ɗaki ɗaya ba, inda ake gasa nama siriri, a fasa ƙwai a kansa, a shafa cuku, a yaryaɗa shaɗɗa mai yaji, a naɗe a takarda a miƙo maka ta taga. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce ɗan Bahaushen da ya bar sairiya, wato tsiren nan namu da mutanen Hijaz suka ara har da sunan, ya koma cin nama a cikin burodi, lallai ya yi nisa da gida.

Wata ranar Lahadi, farkon makon aiki, wata mata ta shigo ofis da yaro ɗan shekara goma sha ɗaya. Ta daɗe tsaye a bakin ƙofa kafin ta yarda ta zauna, kuma da ta zauna ɗin sai ta zaɓi kujerar da ta fi kusa da hanyar fita. Na gane dalili tun kafin ta faɗa. Ta zo Umara ne shekaru goma sha uku da suka wuce, ba ta koma ba, ba ta da iƙama, kuma duk wani gini mai tebur da hatimi a idonta hanya ce ta zuwa tarhil, wato sansanin Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Na ce mata, “Hajiya, ki kwantar da hankalinki, nan ba ofishin hukuma ba ne, kuma abin da kika faɗa a ɗakin nan amana ne.” Ta ce, “Malam, ba don yaron nan ba, wallahi ko da kuɗi ba zan tako nan ba.”

Abin da ya faru shi ne, wani direba, Bahaushe amma mai takardar ɗan ƙasa, ya aure ta a matsayin mata ta biyu. Ɗan Saudiyya ba ya auren baƙuwa a hukumance sai da izinin ma'aikatar cikin gida, izinin kuwa ba zai samu ga wadda ba ta da takardar zama ba, don haka malami ya ɗaura auren a wani gida a gaban shaidu, aka biya sadaki, aka raba dabino, aka watse ba tare da an rubuta komai a wurin hukuma ba. Yaron da ƙanwarsa duk a ɗaki aka haife su a hannun ungozoma, don haka babu takardar sanar da haihuwa da asibiti ke bayarwa, wadda da ita ake zuwa ofishin Ahwalul Madaniyya a karɓi shaidar haihuwa. Uban ya yi ta cewa zai gyara, yau da gobe, har haɗarin mota ya riske shi a hanyar Madina. Bayan rasuwarsa danginsa suka je kotu suka fitar da sakki, wato takardar ƙididdige magada, ba su ambaci waɗannan yara biyu ba, kuma da ta je gaisuwa sai ƙanen mamacin ya ce bai taɓa jin labarinta ba.

A ƙasar nan uba ne ke bai wa ɗa ƙasa. Idan aka tabbatar cewa mamacin ne ya haifi yaron, to yaron ɗan Saudiyya ne, yana da makaranta da asibiti da rabon gado. Idan ba a tabbatar ba, ba shi da suna a kowane littafi, na nan ko na Najeriya. Ustaza ta buɗe mini Dokar Kare Yara ta 2014, ta ɗora yatsa a kan sashe na 3, inda aka jera abubuwan da doka ke ɗauka cutarwa ko sakaci ga yaro, kuma a cikinsu akwai ƙin fitar masa da takardun shaida ko ɓoye su, da jawo yankewar karatunsa. Na daɗe ina kallon wannan layi, domin na tashi cikin yara da yawa marasa takarda, kuma a iya sanina ƙaddara muke kiran abin, ban taɓa tunanin akwai dokar da ta ba shi suna ba. Sai dai sanin haƙƙi daban, tabbatar da shi a gaban alƙali daban. Ƙarar da za a shigar ita ce ta tabbatar da nasaba a kotun harkokin iyali, kuma a wancan lokaci ba a riga an tattara dokar iyali a kundi guda ba, sai a 2022 aka yi haka, don haka alƙali kan koma ga fiƙihu ne, mafi yawa na mazhabar Hambali. Ana bukatar shaidu. Malamin da ya ɗaura auren ya koma Kano ya rasu, matar kuma ba ta san cikakken sunan ko ɗaya daga cikin shaidun ba, domin tana cikin ɗaki lokacin da maza suka taru a falo.

Duk tsawon wannan zama yaron bai ce uffan ba. Ustaza ta yi masa magana da Larabci, na yi masa da Hausa, ya sunkuyar da kai yana murza bakin jallabiyarsa. Daga baya na fahimci cewa tun yana ƙarami aka hore shi kada ya faɗa wa baƙo sunansa ko gidansu, kuma ya riƙe wannan horo fiye da yadda ake zato. Da yamma na ce wa uwar ta bari in kai su su ci abinci. A lokacin gidajen abinci suna da ƙofa biyu, ta iyali da ta gwauraye, sai a ƙarshen 2019 aka janye wannan sharaɗi, don haka na biya gida na ɗauko maiɗakina domin mu shiga ɓangaren iyali ba tare da wani ya ɗaga gira ba. Muka je wani babban gidan boga a titin Falasɗinu, muka jira aka idar da sallar Magariba aka ɗaga labule, sannan muka shiga.

Na lura da yadda ya ci. Ya fara buɗe burodin ya leƙa ciki kamar mai neman wani abu da ya ɓata, sannan ya raba bogar gida biyu da yatsunsa a tsanake, ya cinye rabi, ɗaya rabin kuma ya naɗe shi da takardarsa, ya ninke bakin sau biyu, ya cusa a aljihun gefe. Maiɗakina ta ce, “Ɗana, cinye abinka mana, ai za a saya wa ƙanwarka nata.” Ya girgiza kai, ya ce haka Baba ya koya masa. Wannan ce kalmarsa ta farko. Ni kuwa don in ja shi da hira sai na tambaye shi ko ta yi masa daɗi, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, “Kawu, wannan ba ƙwai a ciki. Ta wurin Ammu ta fi.”

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ce wane Ammun, ya ce mai bufiya a Gulail, inda Baba ke kai shi duk daren Alhamis idan ya dawo daga aiki, su zauna a kan benci, Baba ya sha shayi, shi kuma a yi masa boga da ƙwai biyu. Uwar ta san suna fita, amma ba ta taɓa tambayar inda suke zuwa ba. Na ce masa ko zai gane wurin, ya kalle ni kamar na tambaye shi ko ya san hannunsa na dama.

A daren muka je. Shago ne ƙarami tsakanin mai gyaran taya da mai wanki da guga, fitilar allon sunansa rabi ta mutu, ƙamshin albasa da man suya ya cika lungun. Mai shagon dattijo ne mutumin Hadaramaut, da tawul a kafaɗa, yana ganin yaron sai ya saki cokalin juya nama, ya zagayo ta ƙofar gefe ya rungume shi, yana kiran sunansa, yana tambayarsa ina ya shiga wata takwas. Bai san uban ya rasu ba. Da na gaya masa, ya zauna a kan kwalin ruwa ya yi salati, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya miƙa hannu ƙarƙashin teburin kuɗi ya jawo wani littafin bashi da maiƙo ya rine gefensa, ya lasa yatsa yana buɗe shafuka, har ya tsaya a wani shafi. A samansa an rubuta alkunyar mamacin, wato Abu da sunan yaron, a ƙasa kuma jerin ranaku da ƴan riyaloli, an soke wasu, an bar na ƙarshe. Ya ce shekara shida mutumin yana zuwa, kuma duk wanda ke zama a bencin nan ya san cewa wannan ɗansa ne, domin da bakinsa yake cewa, “Ku yi wa ɗana addu'a, likita zai zama.”

Na kira Ustaza a waya ina tsaye a bakin tagar. Ta ce littafin bashi shi kaɗai ba hujja ba ne, kada in ɗora wa matar buri, amma malaman fiƙihu sun yarda da shaidar abin da ya shahara a tsakanin mutane a sha'anin nasaba, kuma wanda ya ji uba ya yi iƙirari da bakinsa shaida ne mai nauyi. Ta ce in tambayi dattijon ko zai iya tsayawa a gaban alƙali. Na tambaye shi, na kuma gaya masa gaskiya cewa za a yi ta kai-komo, kuma dangin mamacin ba za su ji daɗi ba. Ya ce shi iƙamarsa lafiya take, kuma ya tsufa da jin tsoron mutane. Sannan ya ƙara da abin da ban tambaya ba: akwai wani aminin mamacin, direban tasi, da sukan zo tare, wanda ya taɓa ba da labari a nan bencin cewa shi ne ya kawo dabinon ɗaurin auren. Ya ce mutumin ya koma Makka, yana zaune a wajajen Shari Mansur, inda Hausawa suka fi yawa, kuma yana da lambarsa a tsohuwar wayarsa da ke gida.

Na ciro kuɗi zan biya ragowar bashin da ke shafin, ya dafe littafin da tafin hannunsa ya ce kada in soke komai, a bar shi yadda mai shi ya bar shi har alƙali ya gani. Ya koma bayan farantinsa ya fasa ƙwai huɗu, ya yi boga biyu, ya naɗe kowace daban ya miƙa wa yaron, ya ce ɗaya tasa ce ɗaya ta ƙanwarsa, yau ba rabi. Yaron ya karɓa, amma bai fitar da wancan rabin daga aljihunsa ba. Washegari da hantsi dattijon ya turo mini lambar, ranar Juma'a kuma bayan sallar Asuba na kama hanyar Makka. Abin da na tarar a Shari Mansur, da dalilin da ya sa direban ya fara musanta cewa ya san mamacin, shi zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.