Ƙwaryar da ke ƙara wa salula murya

Shagona yana nan Tawa, aikina ƙwarya da katako. Ina sassaƙa wa salula mazaunin da ke ƙara mata murya, babu batir, babu caji. Ka ɗora ta kawai, ko kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, karatu ko labarai sun cika ɗaki.

A hannun kawuna na koyi sana'ar, shi kuwa gurmi da goge yake haɗawa. Shekara guda cur bai bar ni na riƙe wuƙa ba. Sai dai ya miƙo mini ƙwarya ya ce, "Ƙwanƙwasa, ɗana, ka ji me za ta ce maka." Mai lafiya takan amsa da kauri har cikin tafin hannu, mai tsaga kuwa sai ta ce ƙwas ta yi shiru. Har yau da kunne nake zaɓe, shi ya sa ba ma rabuwa da sa-in-sa da masu kawo mini kaya, waɗanda ke tura fasassu can ƙasan buhu.

Ranar Asabar yaran unguwa kan cika mini rumfa, wannan da gwangwanin tumatir, wancan da guntun tiyo. Nakan fara da ɗaure leda tamau a bakin kwano, in barbaɗa gero, in kara salula a jiki. Da an kunna kiɗa sai geron ya hau tsalle. A nan suke gani da idonsu cewa sauti girgiza ce. Sannan kowa ya huda nasa, ya gwada. Lasifikar salula 'yar mitsitsiya ce, iska kaɗan take turawa, ita ma ta watse ko'ina. Bututu mai buɗaɗɗen baki ba ya ƙara mata ƙarfi, tattara muryar yake ya nuna mata hanya ɗaya, kamar bakin kakaki da algaita, kamar ƙahon garmaho na zamanin kakanninmu.

Wata yarinya 'yar shekara tara ta cusa tsumma a cikin nata don salular ta zauna daidai, sai murya ta dushe. Ta zare, ta mayar, ta sake zarewa, sannan ta ɗago ta ce, "Baba, tsumman ne ke shanye ta!" Wallahi ranar na ji daɗin sana'ata. Da damina kuma nakan sa su ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa: sauti na cin kusan mita 340 a daƙiƙa, wato daƙiƙa uku kilomita guda ke nan.

Abin da ke ci mini rai shi ne mai saye ya juya aikin kwana biyu ya ce na roba ya fi araha a kasuwa. Robar nan siririya zuza take yi, rana ta buge ta ta lanƙwashe. Nawa kuwa sai na kankare cikinsa ya yi sumul, na daidaita ramin da salularka, na saurara da kunnena kafin ya fita. Zo da salularka, mu ɗora ta a kan biyun a gabanka.