Barandar da muka zuba sau biyu a Aboabo

Da za mu ɗora bene kan gidan gado a Aboabo, ni aka bar wa tsayuwa kan aikin, don ni kaɗai na rage a Kumasi. Tela ne ni. Ilimina a gini bai wuce farashin buhun siminti ba.

Barandar da na nace a yi ta fito mita ɗaya da rabi ta kan lungu, tsawonta mita 4, babu ginshiƙi a ƙarƙashinta. Ranar zuba kankare, leburori na kai da kawo da kwanoni a ka, suna tattake rodin da aka ɗaure har ya kwanta a kan katako. Na gani da idona, na yi shiru. A zatona in dai ƙarfe na ciki, shi ke nan.

Bayan mako uku muka fara zare gorar da ta tokare ta. Tsaga ta fito a sama, daidai inda baranda ta haɗu da gini, siririya kamar zaren keke.

Na aika a kira Kawu, wanda ya tsufa a aikin birkila. Ko gaisuwata bai amsa ba sai da aka mayar da gorar. Sannan ya sa yaro ya sayo rogo biyu. Ɗaya ya danne rabinsa a kan benci, ya danna bakin da ke lilo, sai ya tsage ta sama. Ɗayan ya gitta shi kan bulo biyu ya taka tsakiya, ya tsage ta ƙasa.

"Ɗana, kankare jaki ne wajen ɗaukar danni, amma ja ba ya jurewa. Inda zai tsage, nan ake sa rodi. Naku yana ƙasa yana barci, aikin kuwa yana sama."

Sai ya yi mini lissafi da gawayi a jikin bango. Kankare mai kaurin santimita 15 yana kai kilo 360 a kowace murabba'in mita, wato barandar kaɗai ta haura tan biyu kafin kowa ya taka ta. Ni kuwa a kanta na yi niyyar ɗora tankin ruwa na lita 1,000, ƙarin tan guda ke nan. Ban ma faɗa masa ba, kunya ta hana.

Daga nan ya ja ni muka bi nauyin da ƙafa: dekin ya sauke wa bim (dogon kankaren da ke kwance kan ginshiƙai), bim ya sauke wa ginshiƙi, ginshiƙi ya kai tushe, tushe ya baza shi cikin ƙasa. A kowace mahaɗa sai ya tsaya ya ce, "Wannan wa ke riƙe da shi?" Ya tuna mini benen kantin da ya rufta a Achimota ta birnin Accra a Nuwamban 2012, mutum 14 suka rasu, ya ce in nemo injiniya ya duba tsohon tushen tukuna.

Fasawa muka yi. 'Yan'uwa sun yi ta surutu a waya, kuma da gaskiyarsu.

A zubi na biyu an tallafe rodin sama da ƙananan ƙafafun ƙarfe, an shimfiɗa katako don masu kwano, ni kuma na rufe shago na zauna a wurin tun asuba. Mako guda ina yi wa kankaren ban ruwa safe da yamma, gorar kuma ba a taɓa ta ba sai da kwana 28 suka cika. Tankin yana tsakar gida, kusa da madafa.