Garmaho a Maraɗi: Wuta, Ƙura da Allura

Mai son sayen garmaho a Maraɗi ya fara duba takardar da ke manne a bayan na'urar kafin ya duba kyanta. Wutarmu bolt 220 ce, mai bugun 50 a daƙiƙa. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka an yi su ne don bolt 120 da bugu 60, na Japan kuma bolt 100. Taransifoma tana rage ƙarfin wuta, amma ba ta taɓa bugunta. Akwai garmahon da motarsa ke ɗaukar saurinta daga bugun wutar kai tsaye; idan irin wannan na Amurka ne, aka jona shi nan, faifan da ya kamata ya yi zagaye 33⅓ a minti zai koma kusan 28. Muryar mawaƙi ta yi kauri, kiɗa ya riƙa jan ƙafa, kuma gyaransa sai an sake ɗan gurun da bel ke hawa kansa, abin da samunsa a kasuwa ke da wuya.

Shi ya sa na fi ba mutum shawarar garmahon da motarsa ke juya faranti kai tsaye, ba bel, wanda ke daidaita saurinsa da kansa. Technics SL-1200, wanda ya fara fitowa a 1972, shi ne ya fi shahara a wannan gida, kuma Audio-Technica AT-LP120 ya bi fasalinsa a farashi mai sauƙi. Mai bel ba shi da laifi wajen sauti, sai dai zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, yana cin roba: bel ya saki, ya riƙa zamewa, sauti ya dinga lilo, musamman a sautin da aka ja da tsawo. Wanda ya sayi mai bel ya nemi na ajiya tun ranar. Ƙananan nan masu kama da akwatin tafiya, da sifika a jikinsu, a bar su a shago. Yawancinsu na danne faifai da nauyin gram 5 ko fiye, kuma ba su da wurin ragewa.

Kafin a biya kuɗi a kama hannun garmahon a ɗan girgiza shi a hankali. In gindinsa na kwaɗa-kwaɗa, ƙwallayen ciki sun ci, a haƙura da shi.

Nauyin allura shi ne wurin da aka fi ɓarna. Kowane kan allura, wato ɗan akwatin da allurar ke maƙale a jikinsa, da nauyin da kamfaninsa ya yanka masa: AT-VM95E gram 2, Ortofon 2M Red gram 1.8. Ana mayar da ɗan maɓallin da aka rubuta wa anti-skating, mai hana hannu zamewa zuwa tsakiyar faifai, kan sifili, a murɗa dunƙulen ƙarfen da ke bayan hannu har hannun ya tsaya a sarari, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Sai a juya zoben lambobi shi kaɗai zuwa sifili, sannan a murɗa dunƙulen gaba ɗaya zuwa lambar da ake so, a kai maɓallin anti-skating kan wannan lambar. Mutane da yawa na rage nauyi da nufin tausaya wa faifai, alhali allurar da ba ta zauna ba tsalle take cikin layi tana kankare gefensa. Masu ɗora kwabo a kan hannu don kada ta tsallake kuwa, faifan suke yi wa kaciya. Idan allura na tsallake, a fara duba ko teburin ya daidaita, da ma'aunin magina mai ɗan kumfa a ciki.

Allura ba ta dawwama. Audio-Technica na ƙiyasta wa mai zagayayyen baki awa 500, mai bakin ƙwai irin na VM95E awa 300, siririya da suke kira microlinear awa 1000. Mai sauraren awa guda kullum ke nan wata goma ya ishi mai bakin ƙwai, kuma wannan lissafin faifai mai tsabta ne; ƙurar hunturu na rage shi. Alamar ta gaji ita ce harafin "s" ya riƙa tsatsa, waƙoƙin kusa da tsakiyar faifai su dagule. A nan ne kuɗin gyara ya fi amfani: jikin VM95 ɗaya ne, ana zare allurar a sa wadda ta fi ta ba tare da an kwance ko dunƙule ɗaya ba. Garmahon gwanjo kuwa, a ɗauka allurarsa ta mutu, a sake ta kafin ta taɓa faifan da aka gada.

Sautin da ke fita daga kan allura ƙanƙane ne ƙwarai, milibolt 4 zuwa 5 ko ɗan sama, kuma tun wajen yanka faifai an rage masa kauri an ƙara masa kaifi bisa tsarin 1954 na RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka. Dole ya bi ta ƙofar da aka rubuta PHONO a amfilifaya, wadda ke ɗaga shi ta mayar masa da kaurinsa, ko ta ɗan akwatin da ke wannan aiki. In aka sa shi a AUX, za a ji shi can ƙasa kamar kukan sauro. In garmahon na da nasa a ciki, kada a sake sa shi a PHONO, sauti zai fashe. Gurnanin da ba ya yankewa kuma yawanci siririyar waya ta uku ce, wadda ke fitowa tare da wayoyin sauti biyu, ba a ɗaure ta a dunƙulen da aka rubuta wa GND ba. Kada sifika ta zauna kan tebur ɗaya da garmaho, girgizarta na komawa cikin allura. Mai amfani da hasken rana ya nemi inbata mai tsabtatacciyar wuta, don mai araha na sa mota zafi da gurnani. A janareto kuma sauri na hawa da sauka ga motar da ke bin bugun wuta.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska ta bushe, faifai na ɗaukar lantarkin gogayya yana jawo ƙura da kansa, shi ne ƙaf-ƙaf ɗin da ake ji. Buroshi mai gashin kabon kafin kowane gefe, zagaye biyu ko uku faifan na juyawa. Allura kuma ana share ta daga baya zuwa gaba, ba daga gefe ba, ba da yatsa ba. Wanki sai da tataccen ruwa, wanda ake ƙara wa batir, amma a tabbata ba mai asid ba ne. Ruwan famfo da na rijiya na barin gishiri cikin layi. A sa ɗigon sabulun wanke kwano ɗaya a lita guda, a bi layin da ƙyalle mai laushi, a kare takardar tsakiya, a ɗauraye, a jingine a inuwa. Tsofaffin faifai masu zagaye 78 a minti ba roba ba ne, sinadarin alkol na narkar da su, kuma layinsu ya fi faɗi, suna da allurarsu daban.

Ajiya a tsaye, kamar littattafai, cikin rigarsu, nesa da bangon da rana ke duka da yamma da kuma rufin kwano. Faifan da aka bari cikin mota a rufe da tsakar rana, ko na ɗan shiga kasuwa ne, yana iya lanƙwashewa kamar kwanon tuya, kuma da wuya ya koma yadda yake.