Lilon da ba na kowa ba

Ranar uku ga ƙaramar Sallah, bayan an gama kallon hawa a ƙofar fada kuma an sauke gajiyar yawon gaishe-gaishe, na kwashi yarana zuwa wani wurin wasan yara a nan cikin garin Bauchi. Wurin ba shi da wani abin a-zo-a-gani: 'yan motoci masu batir da ke karo da juna, da ƙaramin jirgin ƙasa mai zagaya fili, ga janareta yana ta ruri a bayan rumfar masu yankan tikiti. Akwai lilo biyu kusa da juna, ƙira ɗaya, tsayi ɗaya, da alama ma mai walda ɗaya ne ya haɗa su. An zana Spider-Man a jikin ɗaya, zanen da fentinsa ya ɓare har ido ɗaya ya tafi, ɗayan kuwa koren fenti ne zalla. Layin mai zane ya kai bakin ƙofa, yaron da ke kula da koren kuwa yana zaune yana danna waya. Na ce wa autata, wadda ba ta cika shekara shida ba, mu je wancan tunda babu layi. Ta maƙe kafaɗa ta ce, "Baba, ai wancan ba na kowa ba ne."

Abin da yarinyar nan ta yanke wa hukunci a tsaye cikin rana, shi ne manyan kamfanonin dandalin shaƙatawa na duniya suka shafe shekaru suna kai-kawo a kansa: shin a gina abin hawa a kan fim ɗin da mutane suka riga suka sani, ko a ƙirƙiro sabon labari wanda ba na kowa ba? Ban taɓa taka Amurka ba, amma na daɗe ina bibiyar wannan harka ta karatu da kallon bidiyo, kuma na lura cewa masu kukan wai fim ya ɓata dandali sukan manta da yadda abin ya faro. Tun ranar da Walt Disney, mai kamfanin fim na Disney, ya buɗe dandalin Disneyland a jihar Kalifoniya a watan Yulin 1955, akwai abubuwan hawa da aka ɗauko daga fina-finansa, irin su Peter Pan da Snow White, har ma fadar da ke tsakiyar dandalin an laƙaba mata sunan fim ɗin Sleeping Beauty shekara huɗu kafin fim ɗin ya fito. Talla ce tun daga tushe.

Sai dai abubuwan da suka fi daɗewa a bakin mutane ba daga fim suka fito ba. Pirates of the Caribbean, wanda aka buɗe a Disneyland a 1967, 'yan watanni bayan mutuwar Walt Disney, shi ne misalin da ya fi burge ni. Mutum zai shiga kwalekwale, ruwa ya ja shi cikin duhu, ya gangara, sai ya tsinci kansa tsakanin jirgin 'yan fashin teku da ganuwar wani gari suna musayar wuta. Can gaba gari na ci da wuta, mutum-mutumi masu motsi suna waƙa suna wasoson dukiya, ga wasu fursunoni a bayan ƙarfe suna miƙa wa kare ƙashi domin ya matso da makullin da ke bakinsa, shi kuwa ya tsaya yana kallonsu. Wannan karen ba ya buƙatar kowa ya yi maka bayaninsa, kuma ba sai ka kalli wani abu a gida kafin ka yi dariya ba. Sai da abin ya shekara 36 yana aiki kafin a yi fim a kansa a 2003, fim ɗin ya karɓu, sannan a 2006 aka dawo aka dasa mutum-mutumin jarumin fim ɗin a cikin abin hawan da ya haife shi. Haunted Mansion na 1969 da Space Mountain na 1975 su ma haka suka tsaya da ƙafarsu.

Al'amarin ya juya ne a 2010, lokacin da kamfanin Universal ya buɗe wani yanki na musamman na Harry Potter a dandalinsa da ke Olando, a jihar Fulorida. Ba abin hawa kaɗai suka gina ba, gari guda suka tayar, da shagunansa da makarantarsa, kamar yadda suke a fim. Jama'a suka yi ca, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalin 'yan kasuwa shi ne mutane na bin dogon layi domin su sayi sandar siddabaru ta jarumin da wani abin sha mai zaƙi marar barasa da aka ambata a labarin. Wato baƙon da ya biya kuɗin shiga yana sake buɗe aljihu da kansa, yana murna. Disney, wanda ya sayi kamfanonin fim na Pixar a 2006 da Marvel a 2009, ya ƙara da na Lucasfilm a 2012 kan kusan dala biliyan 4, daga nan kuma sai yankuna suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya: na fim ɗin Cars a 2012, na Avatar a 2017, na Star Wars a 2019. Ban ga laifin mai zuba jari ba. Wanda zai kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli a kan gini ɗaya ya san ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma fim ɗin da miliyoyi suka kalla ya gama yi masa talla kafin a haƙa harsashi.

Inda abin yake ci mini rai shi ne wurin da aka kankare tsohon fenti aka shafa sabo. A dandalin Epcot na Disney da aka buɗe a 1982, akwai rumfunan ƙasashe, kowace tana nuna gininta da abincinta da tarihinta. A rumfar ƙasar Nowe an buɗe wani abin hawa na kwalekwale a 1988, mai suna Maelstrom, wanda ke ratsa labarin mayaƙan teku na da, da dodannin tatsuniyarsu, har zuwa injinan haƙar man fetur a tsakiyar teku. An rufe shi a 2014, aka sake buɗe shi a 2016 da jaruman fim ɗin Frozen, a kan hanyar ruwa ɗaya da tsohon. Ƙasa mai rai da mutane ta ba da wuri ga masarautar da babu ita a taswira, kuma layi ya yi tsawon da bai taɓa yi ba. Duk lokacin da na tuna wannan sai in tuna lilon nan na ranar Sallah, domin aikin ɗaya ne, bambancin kawai shi ne su sun mallaki zanen, mai fentinmu kuwa bai nemi izinin kowa ba.

Amma suna kaɗai ba ya riƙe ƙofa a buɗe. A 2016 aka buɗe Bollywood Parks a Dubai, dandali guda da aka gina kacokan a kan fina-finan Indiya, waɗanda mu nan ƙasar Hausa ba sai an faɗa mana yawan masoyansu ba. A 2023 aka rufe shi. Otal ɗin Star Wars da Disney ya buɗe a 2022, inda mutum biyu ke biyan kusan dala dubu biyar domin kwana biyu, bai kai shekara biyu ba shi ma. A ɗaya ɓangaren kuma ga Splash Mountain, wani abin hawa na Disney wanda aka gina a 1989 a kan wani fim na 1946 da kamfanin da kansa ya ɓoye saboda yadda ya nuna baƙar fata. Yawancin waɗanda suka hau shi cikin shekaru fiye da talatin ba su taɓa ganin fim ɗin ba, gangarar ruwan da waƙoƙin ne suka riƙa dawo da su, har aka sauya masa labari a 2024.

Saboda haka ma'aunin da nake amfani da shi mahaifiyata ce. Hajiya ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan jarumai ba, kuma ba ta da niyyar sani. Idan aka zaunar da ita a cikin abin hawa ta fito tana ba da labarin abin da ta gani, to an yi gini, ko daga fim aka ɗauko shi ko daga kan magini. Idan kuwa sai jikanta ya tsaya yana faɗa mata wane ne wannan, me ya haɗa shi da wancan, to allon talla aka gina mai kujeru. Akwai wuraren da na tabbata za ta ci wannan jarrabawa da su. Efteling na ƙasar Holan ya faro ne a 1952 da wani daji da aka jera tatsuniyoyin Turai a cikinsa. Puy du Fou na Faransa, wanda ya samo asali daga wani wasan dare da aka fara a 1978, yana karɓar baƙi sama da miliyan biyu a shekara da dawakai da shahuna da wasannin tarihin ƙasarsu, ba tare da aron jarumin kowa ba. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Bauchi ranar hawa, ya ga 'yan lifidi da 'yan kwalkwali suna wucewa cikin ƙura da ƙarar bindigar gargajiya, ya san ba mu rasa kayan irin wannan aiki ba. Ga Yankari kuma, inda babban ɗana ya kwana uku yana ba abokansa labarin gwaggon birin da ya fizge masa burodi a hanyar ruwan Wikki, alhali babu zanen kowa a jikin birin.

Da sauƙi in ce a goge Spider-Man a zana Gizo da Ƙoƙi da Botorami, amma akwai wata matsala da ba na son in ɓoye. Autata ta san gizo-gizon Amurka, wato Spider-Man, ciki da waje, namu Gizon kuwa ba ta taɓa jin sunansa ba, kuma laifin nawa ne, domin waya na miƙa mata a lokacin da kakata take zaunar da mu a tabarma bayan isha'i. Duk wanda zai gina dandali a Bauchi ko Gombe a kan tatsuniyoyinmu, ya sani cewa a wurin iyaye tsohon labari yake sayarwa, a wurin yara kuwa sabo fil, kuma uba ne ke biyan tikiti amma yaro ne ke jan hannunsa zuwa layi. Dole abin da ya gina ya zama wanda yaron da bai san Gizo ba zai fito yana tambayar wane ne shi, kamar yadda karen nan mai makulli ya yi wa mutane shekaru da dama kafin a yi fim.

Ranar dai mun bi layin mai zane. Mun tsaya kusan minti arba'in, ina fifita da takardar tikiti, lilon ya juya bai fi minti uku ba, yayanta kuwa ya hau koren sau huɗu kafin layi ya zo kanmu. Da daddare da aka ɗauke wuta, na kira su tsakar gida na ce ga ta nan ga ta nanku, babu wanda ya san amsar sai da mahaifiyarsu ta amsa daga kicin. Na ba su labarin yadda Gizo ya yaudari Kura, ina tsamin bakinsa iyakar iyawata, suna ta dariya. Da na kai ƙurunƙus, auta ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Baba, shi wannan Gizon, ina lilonsa yake?"